Nawa Ɗan Kallo Ke Kashewa a Gasar Zamiya Kan Ƙanƙara?

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma wani ganin sai da guzuri. Tun ranar da na kalli wasan zamiya kan ƙanƙara a talabijin, inda 'yan wasa ke juyi da tsalle bisa takalma masu kaifin ƙarfe, nake son sanin abin da ɗan kallo ke kashewa.

Mu ɗauki gasar duniya da aka yi a birnin Boston na Amurka a watan Maris na 2025. An kara a rukuni huɗu: maza, mata, 'yan bibbiyu da masu rawa. Akwai tikitin zama ɗaya, akwai na gasar baki ɗaya, kuma kujerun kusa da fage sun fi tsada.

Da na yi lissafi, sai na ga ga mai tasowa daga Nijeriya tikiti ba shi ne babban nauyi ba. Kuɗin neman biza kaɗai dala 185 ne a lokacin, kuma ba a mayarwa ko da an hana mutum. Ga jirgi zuwa da dawowa, ga otal na kusan mako guda, ga abinci, ga rigar sanyi.

Saboda haka, mai karatu, a fara neman biza da masauki kafin a sayi tikiti. Iya kuɗinka, iya shagalinka.