Norman Borlaug, Ɗan Gandun Ayowa, da Gonakinmu da Suka Koma Saura

Duk shekara idan Satumba ya kama, gero ya fara nuna a ƙasar Shinkafi, nakan tuna da wani Ba'amurke da ya rasu ranar 12 ga Satumba, 2009, yana da shekara 95 a duniya. Sunansa Norman Borlaug. Da za a tsaya tsakiyar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis a kira wannan suna, da wuya mutum goma su waiwayo. Amma da wuya kuma a sami mai shan shayi da burodi wanda aikin mutumin bai taɓa shiga cikinsa ba, domin mafi yawan alkamar da duniya ke nomawa a yau tana ɗauke da jinin irin da ya gyara.

An fi tuna shi da lambar yabo ta Nobel da ya samu a 1970. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne gidan da ya fito. An haife shi ranar 25 ga Maris, 1914, a gonar kakansa kusa da wani ƙauye mai suna Saude a jihar Ayowa. Kakannin mahaifinsa baƙi ne daga ƙasar Norwe, sun ƙetaro teku a 1854 suna neman ƙasar noma. Gonar iyalin eka 106 ce, ana noma masara da abincin dabbobi, ana kiwon shanu da kaji, kaka da uba da jika kowa da aikinsa. Duk wanda ya tashi a Galadi ya san sunan wannan tsari: gandu. Tun yana ɗan shekara bakwai yake aiki a ciki har ya kai goma sha tara, karatun farko kuma a makaranta mai ɗaki ɗaya da malami ɗaya ya yi shi.

Mutanen Saude Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Lutaran, wadda ta samo sunanta daga Martin Luther, malamin nan na Jamus da ya yi wa hukumar coci tawaye a 1517. A cocin ƙauyen aka yi wa Borlaug baftisma, a nan aka tabbatar da shi cikin ɗariƙar. Ɗariƙar ba baƙuwa ba ce a Arewa: wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya kawo ta Numan a 1913, kuma har gobe tana da ɗimbin mabiya a Adamawa, akasarinsu manoma. Cikin koyarwar Luther akwai wadda ta dace da zancenmu. A ganinsa, manomin da ke huɗa da matar da ke tatsar saniya, muddin sun yi aikinsu da gaskiya don amfanin maƙwabci, to bauta suke yi, ba su gaza mai wa'azi ba. Musulmin da ya san falalar shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci ba zai ji wannan magana baƙuwa a kunnensa ba. Mun bambanta da su a aƙida, bambanci mai girma, amma a kan darajar fartanya bakinmu ɗaya.

Kakansa ne ya matsa masa ya ci gaba da karatu. A 1933 ya tafi Jami'ar Minnesota, ya ma faɗi jarrabawar shiga da farko, sai ta wata ƙaramar kwaleji ya samu ya kutsa. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuma a titunan birni ne yaron da bai taɓa kwana da yunwa ba ya fara ganin magidanta suna bara. Ya karanta ilmin gandun daji, sannan laccar wani masani, Elvin Stakman, a kan cutar tsatsar alkama ta juya shi zuwa nazarin cututtukan shuka. Ya kammala digirin digirgir a 1942.

A 1944 ya tafi Meksiko ƙarƙashin wani shiri na gidauniyar Rockefeller, inda tsatsa ke cinye alkamar manoma shekara bayan shekara. A nan ne tarbiyyar gandu ta bayyana. Masanan wancan zamani a can ba su saba shiga gona ba, sai dai su tsaya a inuwa su ba lebura umarni. Shi kuwa ya shiga da ƙafarsa, ya duƙa cikin rana yana barbarar furen alkama ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kowace kaka. Ya riƙa shuka sau biyu a shekara, sau ɗaya a kwarin Yaqui da ke arewa mai zafi, sau ɗaya a tuddan Toluca masu sanyi, don ya rage tsawon lokacin gyaran iri da rabi. Daga baya ya haɗa irinsa da wata gajeriyar alkama ta Japan mai suna Norin 10. Hikimar a nan mai sauƙi ce: doguwar alkama idan ta sha taki sai kanta ya yi nauyi ta kwanta, gajeriya mai kaurin kara kuwa tana ɗaukar zangarniyarta a tsaye. Zuwa 1956 Meksiko ta daina sayen alkama daga waje. A 1965, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan, aka kai irin ƙasashen biyu. Cikin shekara biyar alkamar Indiya ta tashi daga tan miliyan 12.3 zuwa miliyan 20.1, ta Pakistan daga miliyan 4.6 zuwa miliyan 7.3. Ranar da labarin Nobel ya iso, matarsa Margaret sai da ta bi shi har gona ta faɗa masa.

A jawabinsa na karɓar lambar ya kawo ƙissar Annabi Yusufu, mafarkin sarkin Masar da tanadin hatsi na shekaru bakwai, ƙissar da shi ya koya a cocin Saude, mu kuma muka koya a makarantar allo. Ya kuma ja kunnen masu sauraro cewa zaman lafiya ba ya ginuwa a kan yunwa.

Ya riga ya yi ritaya lokacin da yunwar Habasha ta 1984 ta sa wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, ya roƙe shi ya juyo Afirka. Tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa shirin Sasakawa a 1986, shirin ya iso Nijeriya a 1992, ya fara da Kano da Kaduna. Dabararsu ita ce gonar gwaji a filin manomi shi kansa, malamin gona ya nuna masa tazarar shuka da lokacin zuba taki, maƙwabta su zo su gani da idonsu. Masarar Arewa ta amfana ƙwarai da wannan.

Sai dai ba zan ɓoye inda nake ganin tsarin ya gaza mu ba. Irin Borlaug iri ne mai cin taki da ruwa. A Indiya gwamnati ta tsaya da ban ruwa da rance da tsayayyen farashi. Manomin Zurmi kuwa gero da dawa da wake yake shukawa a jigawa, yana duban sama, buhun taki kuma yakan fi ƙarfin aljihunsa. Da gwamnatocinmu suka tashi kwaikwayon abin, sai suka ɗauki injin suka bar mutumin. A 1980, shekarar da gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da nata juyin noma, a shekarar ne 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori kusa da Talata Mafara, waɗanda madatsar ruwa ta cinye wa gonaki suna neman diyya. Wannan ba laifin Borlaug ba ne. Mutumin da ya yi shekaru yana duƙe tare da ƙananan manoman Meksiko ba zai fara da korar su daga gonakinsu ba.

Waɗanda suka ziyarce shi a kwanakinsa na ƙarshe sun ruwaito cewa da aka ba shi labarin wata sabuwar na'urar auna buƙatar taki, abin da ya ce shi ne a kai wa manomi. Duk sanda na tuna wannan wasiyya sai in tambayi kaina, a ina za a sami manomin? Ƙasar da ke tsakanin Gulbin Gagare da Bunsuru ƙasa ce da albarkarta ta jawo layin dogo har Kaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Yau a ƙauyuka da dama na Shinkafi da Zurmi, sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Gonakin nesa da gari, waɗanda su ne manyan gandaye, sun koma saura. A Satumbar 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, manomi ya rasa inda zai sayar da ɗan abin da ya tsira da shi. Borlaug ya damu da yunwar da ke haifar da fitina. Mu abin da ke gabanmu fitina ce ke haifar da yunwa, kuma babu irin shukar da ke maganinta.

Asarar da ba a lissafawa ita ce ta gandun kansa. Gona idan ta yi saura, shekara biyu na zaman lafiya sun isa a sake share ta. Amma yaron da ya kai goma sha tara a sansanin gudun hijira ko a kan babur ɗin haya a Gusau, bai taɓa bin bayan kakansa ya ga yadda ake zaɓen zangarniyar iri a rataye ta a rumbu ba, wannan babu malamin gonar da zai mayar masa da abin da ya wuce shi. Digirin Minnesota ya ba Borlaug ilmin ƙwayoyin halitta, amma haƙurin tsayawa cikin rana da sanin abin da ke damun mai ƙaramar gona, shekaru goma sha biyu na gandun Saude ne suka ba shi. An adana gonar da ya tashi a cikinta da ɗan ɗakin makarantarsa a Ayowa, ana kai yara 'yan makaranta su gani. A gefen Galadi kuwa akwai dattawan da ke iya nuna maka daga bakin gari inda gandun ubansu yake, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba, sun yi damina da dama ba su taka shi ba.