Korona Ta Wuce, Amma Wa Ya Waiwayi Makaɗa Da Mabusa?

A watan Mayun 2020, ana tsakiyar azumin Ramadan, wani dattijo makaɗin kalangu da ke unguwarmu ya yi sallama da ni bayan la'asar. Baba, kamar yadda muke kiransa, ya haura shekara talatin yana kiɗa a bukukuwan aure da suna, kuma da wannan sana'a ya ci da iyalinsa har ya aurar da 'ya'ya. Ranar ya zo ne ya tambaye ni ko na san wani daga cikin malaman jami'a mai sha'awar kayan gargajiya, domin yana so ya rabu da kalangunsa guda biyu ya sayi gero. Tun daga ranar nake ɗauke da tambayar da nake so mu duba a yau: idan annoba ta hana taro, wa ke da alhakin mutanen da taro ne gonarsu?

Mai karatu zai tuna yadda al'amarin ya faro. An tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. A watan Afrilu cutar ta shigo Kano, gwamnatin jiha ta hana fita, sannan ranar 27 ga watan gwamnatin tarayya ta ƙara wa jihar kullen mako biyu. Aka rufe makarantu da kasuwanni da gidajen kallo, aka hana taron biki. Matakan sun zama dole, ba na jayayya da su. Sai dai nauyinsu bai sauka a kan kowa daidai ba. Ma'aikacin gwamnati ya zauna a gida albashinsa na shigowa, mai sayar da hatsi yana samun ranakun da ake buɗe kasuwa. Shi kuwa makaɗi da mabushi da zabiya da 'yan amada, hajarsu ba ta sayuwa sai mutane sun taru, kuma taron shi ne farkon abin da aka hana, shi ne kuma na ƙarshe da aka sake.

Mu ɗauki hawan salla misali. A shekarar 2020 ba a yi shi a Kano ba, ƙaramar salla da babba. Yawancinmu mun ɗauki abin a matsayin rashin kallo kawai, alhali bayan kowane doki akwai jerin magidanta. Akwai mai algaita da mai kakaki da makaɗin tambari, akwai baduku mai ɗinka kayan doki, da maƙerin linzami da likkafa, da mai aikin alkyabba, da mai naɗin rawani. Da yawansu a kwanakin hawan Daushe da na Nasarawa suke samun abin da zai riƙe gida watanni. Shekara guda ta wuce babu wannan samu, kuma ban ji wata hukuma da ta tsaya ta ƙidaya su ba, balle ta tambayi yadda suka kwana.

Masana'antar Kannywood ma annobar ta same ta tana jinya, domin tun kafin korona kasuwar faifan bidiyo ta riga ta durƙushe. Da kulle ya zo, aka daina ɗaukar fim, aka rufe sinima. Jarumin da ya yi suna yana da ɗan abin da ya tara, amma masu haska fitila da masu ɗaukar sauti da masu kwalliya da matan da ke dafa wa ma'aikata abinci, duk 'yan a-yi-a-biya ne. Gaskiya ne masana'antar ta nemo wa kanta mafita, ta koma ga fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, inda irin su Izzar So da Labarina suka samu karɓuwa. Wannan abin yabo ne, idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Amma wannan ƙofa ta buɗu ne ga mai kyamara da kwamfuta da kuɗin intanet. Tsohuwar da ke kiɗan ƙwarya a ƙauye ba ta da hanyar shiga.

Wasu ƙasashen ba su bar masu fasaharsu haka ba. A watan Yunin 2020 Jamus ta ware Yuro biliyan 1 domin farfaɗo da harkar al'adu, wata guda bayan haka Birtaniya ta sanar da Fam biliyan 1.57. Idan an ce waɗannan masu hannu da shuni ne, to a nan Afirka, Kenya ta ware Shilin miliyan 100 domin mawaƙa da 'yan wasa, Afirka ta Kudu kuma Rand miliyan 150 domin masu fasaha da 'yan wasannin motsa jiki. An yi ƙorafi kan yadda aka raba wasu daga cikin kuɗaɗen, amma dai an amince cewa mai fasaha ma'aikaci ne da aikinsa ya tsaya ba da laifinsa ba.

Rashin adalci ne a ce Nijeriya ba ta yi komai ba. Ministan yaɗa labarai da al'adu na lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba domin ya duba ɓarnar da annobar ta yi wa masana'antun fasaha. Babban Bankin Nijeriya ya fito da rancen Naira biliyan 50 ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL, ga kuma shirinsa na rance ga masu fim da waƙa da ɗinki da aka faro tun 2019. Sannan aka kafa asusun Naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, wanda ya ba masu sana'ar hannu Naira 30,000 sau ɗaya.

To ina gizo ke saƙar? Kusan duk waɗannan shirye-shirye an yanka su ne daidai jikin mai kamfani. Ana cike takardun neman su a intanet da Turanci, ana neman asusun banki da lambar BVN, manyan cikinsu kuma sai da rajistar kamfani da rubutaccen tsarin kasuwanci. Galibinsu bashi ne, kuma da farko bashin mai ruwa ne, abin da jama'armu da yawa ke gudu, sai daga baya aka fito da tsarin da babu ruwa a ciki. Ko da babu ruwan, ta yaya mutumin da aka hana shi aiki, bai kuma san ranar da zai koma ba, zai ci bashi? Baba bai nemi ko ɗaya ba, domin bai ma ji labarinsu ba.

Na san akwai mai cewa kiɗa da waƙa ba su ne abin damuwa ba a lokacin da ake ta rai, wani ma zai ce sana'ar roƙo ce da bai kamata a ƙarfafa ba. Kowa da fahimtarsa, amma yunwa ba ta tambayar sana'ar maigida kafin ta shiga gidansa. Kuma a cikin annobar, mawaƙa da 'yan fim aka nema su isar da saƙon wanke hannu da sanya takunkumi, kamar yadda ake nemansu duk lokacin zaɓe. Bai dace a riƙa tunawa da su ranar buƙata kaɗai ba. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, muka yi ta murna. Amma gadon ba a cikin takardar shaida yake ba, yana cikin numfashin mai algaita da yatsun makaɗi. Ranar da suka ajiye kayansu ba su koya wa kowa ba, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu. Na farko, hukumomin tarihi da al'adu na jihohi su haɗa kai da masarautu a yi rajistar masu fasahar gargajiya. Ba aiki ne mai wuya ba, tunda akwai sarkin makaɗa da sarkin busa da sarkin maƙera, kuma kowannensu ya san mutanensa. Na biyu, a kafa asusun ko-ta-kwana da za a riƙa zuba masa wani kaso na kuɗin da hukumomin tace fina-finai ke karɓa, kuma abin da zai fita daga cikinsa ranar masifa ya zama tallafi, ba bashi ba. Na uku, ƙungiyoyin masu fasahar, irin su MOPPAN, su rage dogaro da kyautar 'yan siyasa, su kafa adashi mai tsari, su kuma shigar da mambobinsu inshorar lafiya. Na huɗu ya shafe mu malaman jami'a. Mun daɗe muna naɗar muryoyin waɗannan bayin Allah muna rubuta kundaye, muna samun digiri da ƙarin girma, su kuma muna sallamarsu da godiya. Lokaci ya yi da sassan nazarin Hausa da gidajen rediyo za su riƙa biyansu ladan naɗa, su kuma gayyace su koyarwa a biya su kamar kowane malami.

Game da Baba, maƙwabta sun haɗa masa abin da ya sawwaƙa, ya sayar da kalangu ɗaya ya riƙe ɗaya. Yau ya koma kiɗa, sai dai ɗansa da ke koyo a wajensa ya kama tuƙin adaidaita-sahu a lokacin kullen, kuma har yanzu bai dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma babu wanda ya yi mana alkawarin ita ce annoba ta ƙarshe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mu, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.