Riƙon Maraya Daga Ghana: Jiran Takarda Ba Asara Ba Ne

Tun daga 2017 da Ghana ta fara aiki da yarjejeniyar Hague, baƙo ba ya tafiya da maraya ƙasar waje sai hukuma ta tantance shi, kotu ta amince. Kafin nan iyali sukan yi zaman jira.

Mu dai muna ganin zaman na da amfani. A Salaga, tsohuwar kasuwar goro, ga rijiyoyin bayi. A Yendi ga fadar Ya-Na da kabarin Babatu. A Bawku, in gari na lafiya, Hausa na ci a kasuwa. Su zaga, su ci tuwo da yaron, su koyi gaisuwar danginsa.

Gobe in ya girma zai tambayi asalinsa. Wanda ya taka ƙasar ne zai iya ba shi amsa.