Horar da Likita a Sakkwato: Wa Zai Koya Masa Jagoranci da Aiki Tare?

Akwai wata al'ada da ta zama jiki a jami'o'inmu, wadda ba kasafai ake tanka mata ba. Malami zai shafe shekara ashirin yana koyarwa da bincike, sai rana ɗaya a miƙa masa takarda cewa shi ne shugaban sashe ko na tsangaya, ba tare da an taɓa zaunar da shi ko na mako guda an nuna masa yadda ake tsara kasafin kuɗi, ko sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga-maciji, ko tafiyar da taro har ya ƙare da matsaya ba. A fage irin namu na nazarin harshe, idan shugaba ya yi tuntuɓe, yawanci abin bai wuce jinkirin sakamakon jarrabawa ba. A kwalejin koyon likitanci kuwa, inda aji da ɗakin majinyata suke a haɗe, tuntuɓen shugaba yana iya zama sanadin rai.

Ni dai ba likita ba ne, digirina na uku a kimiyyar harshe na yi shi. Amma abin da likita yake fara amfani da shi kafin allura ko almakashi shi ne tambaya, ita kuwa tambaya da harshe ake yin ta, don haka ina ganin ina da ta cewa.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga wannan batu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da ciwon ido da basur, kuma lokacin da Baturen nan Kilafaton ya iso birnin a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Wato shugaba ne da ya san ilmin, amma bai ga ƙasƙanci ba wajen neman na wani. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma asibitin koyarwarta ya yi suna da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da lakka, wadda ba a raba tarihinta da sunan Farfesa Bello Bala Shehu, mutumin da daga baya ya shugabanci Asibitin Ƙasa da ke Abuja da kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Abin tambaya shi ne, shin muna da tsarin da zai riƙa samar da irin waɗannan mutane, ko kuwa jira muke yi sa'a ta sake kawo mana wani?

Misalin da ya fi jan hankalina yana can Asibitin Yara Masu Cutar Noma, wanda aka buɗe a Sakkwato a 1999. Noma cuta ce da ke kama ƙananan yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Takan fara da kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yaran da ba a yi musu magani ba suna mutuwa, alhali idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Yaron da ya tsira kuwa, likitan tiyata shi kaɗai ba zai iya mayar masa da fuskarsa ba. Sai an ciyar da shi ya yi ƙarfin da zai jure aikin, sai mai sa barci ya san yadda zai bi da muƙamuƙin da ya sanƙare, sai mai motsa gaɓoɓi ya koya masa buɗe baki, sai kuma wani ya zauna da uwar da ta gaji da kallon da mutane ke yi wa ɗanta. Tun 2014 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa take aiki da ma'aikatar lafiya ta jiha a wannan asibiti, kuma Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka kai buƙata har hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023.

A nan ne aikin ya taɓo sana'ata. Kalmar “noma” daga harshen Girkanci ta fito, amma ga Bahaushe noma aikin gona ne. Ka tsaya a kasuwar ƙauye ka ce ka zo yaƙi da noma, ka ga yadda za a kalle ka! Wani bincike da aka buga a 2020, wanda aka gudanar da iyayen yara da masu maganin gargajiya a wannan yanki, ya nuna cewa jama'a suna da nasu sunayen, irin su “ciwon daji” da “ciwon iska”. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sunan ciwo shi ke nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa. Uwar da ta yarda cewa iska ce ta taɓa ɗanta ba asibiti za ta fara nufa ba, kuma kafin ta iso, kwanakin da magani zai yi tasiri sun wuce. Ɗalibin likitanci yana shekara shida yana karatu da Turanci, sannan ya fito ya yi aiki da Hausa, wani lokaci da Fulatanci ko Zabarmanci ta bakin tafinta, tafintan ma sau da yawa ɗan jinya ne ko leburan ɗaki. Ga Sashen Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa a jami'a guda da Kwalejin Kimiyyar Lafiya. Tazarar da ke tsakanin mazaunin dindindin da asibitin koyarwa ba ta kai a ce ba za a iya zama a teburi ɗaya ba. An ma taɓa gwada irin wannan a matakin ƙasa: ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya fitar da ƙamus na kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Ibo da Yarbanci a 2017.

Sai dai kafin likita ya haɗa kai da masanin harshe, dole ya fara haɗa kai da na kusa da shi. Kowa ya san tsamin dangantakar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU, wadda yajin aikinta na 2018 ya durƙusar da asibitocin tarayya na tsawon makonni, kuma tushen rigimar bai wuce albashi da tambayar wa ya cancanci shugabanci ba. A ganina tun daga makaranta ake shuka wannan. Ɗalibin likitanci da na jinya da na haɗa magunguna da na gwaje-gwaje kowa da ajinsa, ba sa haɗuwa sai a kan gadon majinyaci, lokacin da kowa ya riga ya koyi raina ɗan'uwansa. Rahoton da mujallar Lancet ta fitar a 2010 kan horar da ma'aikatan lafiya ya yi nuni da wannan rarrabuwa, ya kuma nemi a riƙa koyar da su tare. A shekarar ce kuma Amurka ta fara shirin MEPI na tallafa wa makarantun likitanci a Afirka, inda Ibadan ta jagoranci jami'o'in Nijeriya shida, ciki har da Zariya da Jos da Maiduguri. Shirin ya ƙare a 2015. Irin wannan tallafi yana da amfani, amma yana zuwa ne ya wuce.

Abin da ya sa maganar ba ta jira shi ne ƙaurar likitoci. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar. Idan na tsakiya suka tafi, matashin da bai daɗe da kammala ƙwarewa ba shi za a ɗora wa sashe, alhali babu babban da zai riƙe masa hannu.

Shawarata ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ba mai tsada ba ce. Duk wanda za a naɗa shugaban sashe ya fara yin shekara guda a matsayin mataimaki, yana halartar zaman kasafi da na ladabtarwa. A ware mako biyu a ajin ƙarshe da za a tura ɗaliban likitanci da jinya da haɗa magunguna rukuni-rukuni zuwa asibitin noma, a ba kowane rukuni majinyaci ɗaya da maki ɗaya, a kuma riƙa karɓa-karɓar shugabancin rukunin. Mu kuma masana harshe mu sauko daga kan nazarin karin sauti na ɗan lokaci, mu zauna a ɗakin ganin likita da izinin majinyata, mu tattara yadda Basakkwace ke bayyana ciwo, abin da yake nufi da “zahi” ko “sanyi” ko “ciwon ciki”, mu mayar da shi ɗan littafin da ɗalibin aji huɗu zai sa a aljihun farar rigarsa kafin ya fara zagayen ɗakunan majinyata.