Ruwan Zafi da Fatar Ɗan Adam: A Yi Hattara

Duk mai dafa ganda ko farfesun ƙafar saniya ta san yadda abu mai tauri kan yi lugub a wuta, romon kuma ya daskare idan ya huce. Abin da wuta ke narkarwa a tukunyar nan shi ne kolajin, furotin da ya fi kowanne yawa a jikinmu, wanda ke riƙe da fata, jijiya da ƙashi.

Ƙirarsa kamar ta igiya ce mai sili 3 da aka tufka. Masana a Madras ta Indiya, Ramachandran da Kartha, su suka fara bayyana hakan a 1954. A ɗakin bincike, idan aka ajiye narkakken kolajin cikin ruwa mai tsami a sanyin digiri 4, yana nan a warwatse. Da an rage masa tsami aka ɗumama shi zuwa digiri 37, ɗumin jikin mutum, sai ya harhaɗu da kansa ya zama zarurruka masu ƙarfi. Ɗumi ke gina shi ke nan. Amma da zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 65, tufkar sai ta warware, zaren ya ƙanƙance, kuma ba ya komawa yadda yake.

Fatar mai rai ba ta da wata kariya daga wannan. Ruwa mai zafin digiri 60 kan yi mummunar ƙuna cikin 'yan daƙiƙu, balle ga jariri mai fata sirit. Shi ya sa ya kamata a sake duba wankan jego. Ba a hana mai jego ruwan ɗumi ba, amma tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata ba jarumta ba ce, ko da kuwa kaka ce ta ce haka aka saba. Haka masu ciwon suga da ke gasa ƙafa, alhali ƙafar ba ta jin zafin sosai.

In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi na minti 20, domin zafin na ci gaba da cin naman bayan an janye daga wuta. Ban da ƙanƙara, ban da manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ƙunar fuska, hannu, al'aura ko ta ƙaramin yaro kuwa, asibiti za a nufa nan take.