Toshewar jijiyar ƙafa: ba kullum sai an yanke ba

Jama'a, mutane da yawa masu ciwon sukari ba sa zuwa wurin likita sai yatsa ya yi baƙi, domin tsoron kada a ce za a yanke ƙafa. Alhali wannan jinkirin shi ke kawo yankewar.

Ga yadda abin yake. Kitse kan taru a bangon jijiyar da ke kai jini ƙafa har hanya ta ƙuntata. Ciwon sukari, hawan jini da shan taba su ne kan gaba wajen haddasa shi. Da farko sha-raɓa kan yi ciwo in ana tafiya, ya lafa in an tsaya. In abin ya tsananta, zafi kan hana barci sai an sauko da ƙafa daga gado, gyambo kuma ya ƙi warkewa.

A shekarar 1964, a Amurka, likita Charles Dotter ya buɗe jijiyar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Siririn tiyo ya zura mata, jini ya koma gudu, ta tashi da ƙafarta. A 1974 kuma Andreas Grüntzig ya ƙara wa tiyon ƴar balan-balan a birnin Zurik.

Yau ana yin allurar kashe zafi a gindin cinya, a huda ƴar ƙofa, a tura tiyon ana kallonsa ta na'urar hoto. In an kai wurin toshewar sai a hura balan-balan, wani lokaci a bar ƴar ragar ƙarfe ta tokare hanyar. Babu doguwar tsaga, jinya ba ta daɗewa.

Amma fa ba kowa ne wannan ya dace da shi ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa mai lafiyayyar jijiya da za a ɗauko a yi wa jini hanyar ratse, tiyata ta fi masa amfani. Jijiyar da aka buɗe ma tana iya sake toshewa, musamman in ba a bar taba ba.

Naman da ya riga ya mutu, babu tiyon da zai raya shi. Saboda haka mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum. Ƙaramin rauni in ya ƙi warkewa, a garzaya asibiti. Allah ya ba mu lafiya.