Me Ya Sa Jitarka Ke Daɗi A Iyafis Amma Take Kukan Zuma A Babbar Sifika?

Duk wanda ya fara kaɗa jita ta waya ko kwamfuta ya san wannan takaicin. Ka zauna da daddare ka toshe kunne da iyafis, ka ɓata awa biyu kana murɗa maɓallai a manhaja har sauti ya zauna yadda kake so. Washegari ka je wurin gwaji, ka jona da babbar sifika irin ta masu DJ, sai ka ji tsiii kamar an taɓa amyar zuma, ƙasan sautin kuma yana rugugi kamar tirela ta wuce bayan ɗaki. Ni ma haka ta same ni. Na ɗora wa manhajar laifi, na goge ta na sauke wata, ita ma ta yi min haka. Sai daga baya na gane matsalar tana wajen saitina.

Mu fara da abin da manhajar ke yi. A da, mai jitar lantarki sai ya mallaki amfilifaya da akwatin sifika na musamman, kaya masu nauyi da tsada. Yanzu akwai na'urori da manhajoji da ke kwaikwayon waɗannan amfilifayoyi da lissafi. Kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, manhajar AmpliTube ta IK Multimedia ta biyo baya a 2002, Helix ta zo a 2015. Akwai kuma Neural Amp Modeler, wadda kyauta ce kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Yau da wayarka da ɗan ƙaramin adafta irin iRig, kana iya jin kamshin sautin Fender ko Marshall ba tare da ka taɓa ganinsu ido da ido ba.

Sifikar jita kurma ce, kuma da haka ake sonta

Nan ne gaɓar da yawancinmu muke tsallakewa. Kunnen mutum yana jin sauti daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000. Sifikar jita ta gaske ba ta kaiwa ko kusa da can. Ɗauki Celestion Vintage 30, mai faɗin inci 12, wadda ke cikin akwatuna da yawa na manyan makaɗa: daga Hz 70 zuwa 5,000 kawai take aiki sosai, abin da ya haura nan sai ta danne shi. To amfilifaya, musamman idan an matsa mata har sautin ya yi kaushi, tana fitar da tarin tsiwa a can sama da Hz 5,000. Sifikar jita ce ke tace wannan tsiwar kamar yadda rariya ke tace gari, abin da ya iso kunnenka sai mai laushin.

Ita kuwa sifikar da ake kira FRFR, an gina ta ne ta fitar da komai daga ƙasa har sama ba tare da ta ƙara ko ta rage ba. Tana da 'yar ƙaramar sifika a sama da aikinta kawai fitar da siraran sautuka. Headrush FRFR-112 da Fender Tone Master FR-12 an yi su ne musamman don masu jita, amma sifikar DJ da ake haya a wurin biki ita ma 'yar wannan gidan ce. Abin da ka ba ta shi za ta faɗa. Idan ka ba ta tsiwa, tsiwa za ta watsa wa jama'a.

Saboda haka abu na farko da za ka duba: a jerin kayan da ke cikin manhajarka, bayan amfilifaya akwai akwatin sifika, inda aka rubuta Cab ko IR? A kunne yake? Idan babu shi, ka riga ka gano rabin ciwon. Akasin haka ma yana faruwa. Wanda ya jona na'urarsa da akwatin jita na gaske ya bar Cab a kunne ya tace sauti sau biyu ke nan, zai ji kamar an lulluɓe sifikar da bargo.

Shi IR ɗin ya burge ni ranar da na fahimce shi, domin ɗan fayil ne na WAV, gajere ƙwarai. Ana aika sauti cikin akwatin sifika na gaske, a ɗauka da makirufo, a lissafa yadda akwatin ya sauya shi. Da yawansu samfuri 1024 ne kacal. A ma'aunin samfuri 48,000 a daƙiƙa, tsawonsa wajen kashi 21 ne kacal cikin dubu na daƙiƙa. Manhajar tana ninka sautin jitarka da waɗannan lambobi a kowane lokaci tana tarawa, sai halin akwatin ya hau kan sautinka. Fayil ɗin da bai kai girman hoto ɗaya na WhatsApp ba, amma ya fi kusan kowane maɓalli tasiri.

Lura da kalmar makirufo a nan. Abin da ke cikin IR shi ne abin da makirufo, sau da yawa Shure SM57, ya ji a bakin sifika. Ba wanda ke sauraron amfilifaya da kunnensa manne da ragar gabanta. Shi ya sa wanda ya saba tsayawa gefen amfilifaya ta gaske yake jin sautin FRFR ya yi masa kaifi. Sautin faifai ne yake ji, irin wanda 'yan kallo ke ji. Idan manhajarka ta ba da damar matsar da makirufon, janye shi daga tsakiyar sifikar zuwa gefe. Tsakiya kaifi gare ta, gefe ya fi taushi. Ni daga nan nake farawa kafin na taɓa komai.

Yanka sama, yanka ƙasa

Cikin saitin Cab ko EQ za ka ga High Cut da Low Cut. Na farko yana yanke siraran sautuka, na biyu masu kauri. Sa High Cut a wajen Hz 6,000 ka kaɗa. Idan har yanzu zumar na kuka, sauko zuwa 5,000. Idan sautin ya dushe, haura kaɗan. Sauti mai tsabta marar kaushi yana jure a bar shi sama da haka, har 8,000. Wannan ya shafi masu bin salon Agadas irin na Bombino, inda ake son jin ƙarar kowace tsirkiya daban. Idan ka yanka da yawa za ka kashe ƙyallin da ke ɗauke da kiɗan.

Low Cut kuma ka sa shi tsakanin Hz 80 da 100. Tsirkiya mafi kauri a jita, a ɗaurin da aka saba, tana kan Hz 82 ne, abin da ke ƙasa da nan rugugi ne kawai da ke cin wurin mai bes da mai ganga. Kuma idan sifikar tana ƙasa a daɓe ko a kusurwar ɗaki, kaurin zai ƙaru da kansa. Ɗora ta kan sanda ko kujera, ka juyo fuskarta wajen kunnenka.

Leƙa bayan sifikar ma. Yawancin na DJ suna da maɓallin ƙara bes ko wani yanayi na musamman don kiɗan rawa. Mayar da shi Flat. Idan akwai zaɓi tsakanin Mic da Line, Line za ka zaɓa, in ba haka ba sautin zai fashe tun daga ƙofa.

Kunnenka ma yana da nasa laifin

A 1933 masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya jin sautuka daidai wa daida. Idan ƙara ta yi ƙasa, kauri da siranta su ne ke fara ɓacewa, tsakiya ta rage. To da daddare, kana gudun tada mutanen gida, ka rage ƙara, sai ka yi ta ƙara Bass da Treble don cike gurbin. Da aka buɗe wuta a wurin biki, duk abin da ka ƙara ya dawo maka ninki. Maganin ɗaya ne: yi saitinka a kan sifikar da za ka yi wasa da ita, a ƙarar da za ka yi wasan. In hali bai yi ba, ajiye saiti biyu, na ɗaki da na fili.

A saitin fili, rage Gain fiye da yadda zuciyarka ke so. Gain mai yawa yana daɗi idan kai kaɗai ne, amma cikin sauran kayan kiɗa sai ya zama kunu, ba a bambance abin da kake kaɗawa. Mid kuma kada ka rage shi. A tsakiyar nan jita ke zaune, da shi ake jin ka ba tare da ka danne mawaƙi ba.

Ga masu amfani da waya akwai ƙarin abu biyu. Kada ka jona da Bluetooth. Jinkirinsa yakan haura kashi 100 cikin dubu na daƙiƙa, kamar ka tsaya nesa da sifikarka da mita 34 ne, hannunka da kunnenka ba za su taɓa haɗuwa ba. Yi amfani da waya mai jonawa, kuma a saitin manhajar ka rage Buffer zuwa 128 ko 64 idan wayarka za ta ɗauka ba tare da sautin ya riƙa tsinkewa ba. Wayoyin Android sun bambanta sosai a nan, gwada taka kafin ranar wasa.

Na biyu shi ne gurnanin wuta. Idan ka ji huuu a sifika ko ba ka taɓa jitar ba, fara cire cajar wayar daga soket ka saurara. Sau da yawa nan take yake ɗaukewa, musamman idan janareta ɗaya ke ɗauke da kayan duka. Cika batirinka tun daga gida, ka riƙe fawa banki a jaka. Idan gurnanin ya ƙi tafiya, nemi ɗan akwatin da ake kira DI, mai maɓallin Ground Lift, ka sa shi tsakanin adaftarka da sifikar, ka danna maɓallin.